Saƙo Bakwai Da Ban Aika Ba

Kai ne, Akawu. Kai ka yi ƙarya da bakina. Kai ka sa 'yata ta yi wata biyar tana jiƙa matashin kai da hawaye, ka kuma bar ni ina zagin ɗan mutane da bai ci mini ba bai sha mini ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya ka har bayana ya yi kanta, don haka ba zan yi maka kara ba.

Tun ranar Lahadi da labari ya iske ka, ka kashe waya. Na je gidanka, matarka ta ce ka yi tafiya, alhali ga motarka a rufe da tampol. To na zaunar da Auta ta ɗauki biro, ina faɗa tana rubutawa, in ta sassauta mini kalma in sa ta goge. Tunda da rubutu ka cuce ni, ga rubutu nan ya zo maka.

Bari in faro daga tushe, saboda 'yan'uwan da za a karanta wa.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, malamar makaranta ce, shekararta ashirin da takwas. Tun rasuwar mahaifinta ni da kaina na ɗora ka a kujerar uba, na ce maganar aurenta tana hannunka, tunda kai ne mai karatu a cikinmu.

Shekara biyu wani yaro yana zuwa wurinta. Mai Daji muke ce masa, don a gandun daji yake aiki, wancan da aka killace aka hana sara da farauta, mutane suna zuwa yawo a ƙafa ko a keke suna kallon namun dawa. Shi ke shiga da baƙi ya fito da su. Ba mota, ba tumbi, sai wani babur mai tari kamar tsohon mashayin taba. Amma in ya zo sai ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, in ya ga famfo yana ɗiga ya naɗe hannun riga ya ɗaure. Ban taɓa cewa ina son sa ba, ban kuma taɓa cewa ba na so ba.

Rana ɗaya sai ɗif. Ba zuwa, ba kira. Auta ta kira har wayarta ta yi zafi, ba ya ɗagawa. Ta je wurin aikinsa, ya aiko a ce yana can cikin daji. Ta dawo ta faɗa jikina kamar an sare ta.

"Inna, me na yi masa?"

"Ba ki yi masa komai ba."

"To ko zagina ne ya yi mana, in san laifina. Inna, ko mai bara ana ce masa Allah ya ba da haƙuri kafin a rufe ƙofa."

"Share hawayenki. Namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa."

Kai kuwa duk Lahadi kana nan. Ka zauna a kujerar da ke kusa da taga, ka miƙo hannu ka ce, "Yaya, kawo wayar nan in share miki tarkace, ta cika." In miƙa maka ina sa maka albarka. Kai ka ce mini yaron ya samu wata baƙuwa mai kyamara. Kai kuma ka kawo Ɗan Manaja, ɗan maigidanka na ofis, mai turaren da ke riga shi shigowa falo.

Wata huɗu Auta tana cewa a'a. A na biyar ta gaji, ta ce, "Duk yadda kuka gani." Da irin muryar da ake amsa gaisuwar rasuwa ta faɗe ta. Ka tsayar da Asabar mai zuwa manyan Ɗan Manaja su zo wurinka.

Sai ga Ɗan Manaja ranar Lahadin da ta wuce da safe, da wando gajere da farin takalmi.

"Inna, zan kai Auta shan iska. Gandun daji za mu."

Na kalli Auta, fuskarta ta yi fari kamar an zuƙe mata jini. Na gane abin da yaron yake so: ya je ya nuna wa Mai Daji cewa ya yi nasara. Ni kuma ina da maganar wata biyar a ƙirjina, ta nuna har ta fara ruɓewa.

Na ce, "Da ni za a je. Miƙo mini mayafina."

*

A bakin ƙofar gandun akwai ɗan ofis na katako da jerin kekunan haya. Ɗan Manaja ya jingina da kanta ya ce shi jagora ɗaya yake so, ya ambaci sunan Mai Daji. Aka kira shi.

Da na gan shi, da ƙyar na gane shi. Kakin jikinsa ya zama kamar na aro, wuya duk ya fito. Wanda ya samu baƙuwa mai kyamara ba haka yake ramewa ba. Amma na danne, na ce wa zuciyata alhaki ne ke cin sa.

Ya durƙusa. "Inna, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Da ban zo lafiya ba ka gan ni?"

Bai kalli Auta ba. Ita ma ta juya tana kallon wani allo kamar za ta haddace shi. Ya miƙe ya jero mana dokoki da muryar aiki: ba a barin hanya, ba a ba birai abinci, ba a tsinkar ko ganye, kuma daga nan ciki ba a ɗaga murya, don dabbobin gidansu ne, mu ne baƙi.

Na ce, "To ni murya na zo ɗagawa."

Ya sunkuyar da kai. "Na sani, Inna. In mun fito, duk abin da kika ga dama."

Ɗan Manaja ya karɓi keke da wata hula kamar rabin kankana. Ya ce Auta ta ɗauki ɗaya su yi tsere. Ta ce ba za ta bar uwarta a baya ba. Ya gwada tafiya da mu, bai yi taku hamsin ba ya fara duba agogo, don ni gwiwata ba ta san sauri ba. Can ya ce, "Mu haɗu a tafki," ya taka ya ɓace a kwana.

Muka rage mu uku, da shiru na huɗunmu.

Akawu, zan faɗi gaskiya ko a kan wanda nake fushi da shi, balle a kan daji. Rabona da irin wannan wuri tun muna yara, ina zuwa itace kai kana makaranta. Muna shiga ƙarƙashin itatuwan nan sai sanyi ya sauko mini a ka kamar an ɗora hannu. Ƙamshin jiƙaƙƙen ganye, kukan tsuntsaye kowa da nasa, rana tana ɗigowa ta tsakanin rassa. Shekara arba'in ina shaƙar hayaƙin mota da na risho, ban san ƙirjina yana da sauran wuri ba sai ranar. Na ce Alhamdu lillahi a zuci, na kuma ji haushin cewa a gaban yaron nan nake jin daɗi.

Bai wuce gaba ba ko sau ɗaya. Yana gefena, in na tsaya ya tsaya, ya yi kamar wani abu yake dubawa a jikin itace don kada in ji kunya. Ya miƙo mini sandarsa.

"Ban tsufa ba," na ce da raɗa.

Taku goma na karɓa.

Na ga sawu a laka, na nuna da sandar. "Gada ce, da ɗanta. Ba su daɗe ba."

Ya dube ni da mamaki. "Inna, sabbin ma'aikatanmu sai sun yi wata shida kafin su gane wannan."

"Ba yabo na zo nema ba."

Amma yabon ya shige ni, ba zan ɓoye ba. Ya nuna mana birai a sama, uwa tana duba wa ɗanta ƙwarƙwata, ɗan yana zillewa tana fizgo shi da wutsiya. Dariya ta kusa ƙwace wa Auta, ta toshe baki, sai dariyar ta juye ta zama hawaye. Ya gani. Ya kau da kai.

*

A bakin tafkin akwai wani ɗaki na katako da suke kira ɗakin leƙe. Ciki duhu-duhu, benci biyu, da doguwar taga siririya kamar tsagar ido. A nan ake zama a jira dabbobi su zo shan ruwa. Mun tarar da wani dattijo da matarsa, kowa da tabarau mai hangen nesa. Dattijon ya ɗora yatsa a baki tun kafin mu zauna, ya nuna mana yatsu uku: awa uku ke nan suna jiran gwanki.

Ɗan Manaja ba alamarsa. Na zauna, Auta a damana, Mai Daji ya tsuguna a haguna. Na ga in na jira a fita zuciyata za ta fashe. Na matso da bakina kusa da kunnensa. Ni da ake jin muryata daga bakin titi, yau ga ni ina faɗa da raɗa.

"Kai, ɗan nan, ba ka tsoron Allah?"

"Inna..."

"Rufe mini baki. Shekara biyu kana cin abincina. Ko kare in zai bar gida yana waiwaye. Me 'yata ta yi maka? Dubi wuyanta. Dubi idonta. In baƙuwarka ta fi ta, ka faɗa mata, a rabu ana mutunci."

"Wace baƙuwa, Inna?"

"Mai kyamarar."

Ya ɗago ya kalle ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Idon ya cika taf.

"Inna, ni ba ni da kowa. Umarninki na bi."

"Umarnin wa?"

"Naki."

Ya ciro waya daga aljihun gaba. Ya danna ya miƙo mini. Na ga baƙaƙen abubuwa a jere kamar tururuwa.

"Ni ka taɓa ganin na karanta ko lambar gida? Auta, karɓi."

Ta karɓa. Ta duba, ta sake dubawa.

"Inna, lambarki ce."

"Karanta."

Ta karanta da raɗa, tana haɗiye kuka. "Ka fita daga harkar 'yata. Ba zan ba mai gadin birai ba." Na biyu: "Kada ka kira ni, ba na son jin muryarka." Na uku ne ya tsinke mini jijiya. "Idan ka sake kiranta ko ka ɗaga kiranta, ban yafe mata nonon da ta sha ba, duniya da lahira. Idan ka gaya mata na ce haka, shi ma ban yafe mata ba."

Guda bakwai. Auta ta duba ranakun, duk Lahadi ne, duk da yamma. Waye ke riƙe wayata ranar Lahadi da yamma, Akawu?

Ƙarƙashin kowanne akwai amsarsa, waɗanda ka share daga tawa wayar. "Na ji, Inna." "Allah ya huci zuciyarki, Inna." "Don Allah kada ki yi mata baki, ni zan tafi."

Auta ta zube a ƙasan katakon nan. Ta juya gare shi, karo na farko cikin wata biyar.

"Shi ya sa? Ka bar ni ina tsanarka?"

"Gara ki tsane ni da a ce uwarki ta yi miki baki saboda ni."

"Da ka tambaye ni!"

"In ce miki me? In haɗa ki da mahaifiyarki? Na zo gidan sau ɗaya, na ce ko a ƙofa ne in ba ta haƙuri. Kawu na tarar. Ya ce Inna tana ciki, ta rantse in ta ga fuskata za ta ɗaga nono ta tsine miki a gabana. Na hau babur na tafi. Ban san yadda na isa gida ba."

"Kowace rana ina kiranka."

"Ina gani. Ina zaune ina kallon sunanki har ya ɗauke. Sau ɗari biyu da goma sha ɗaya."

Daidai lokacin matar dattijon ta taɓa mijinta. Ta tsagar tagar na gan shi: gwanki, ƙato, ƙahonsa a lanƙwashe, ya fito daga cikin itatuwa a hankali kamar mai gidan da ya san ba mai tayar masa da hankali. Bayansa barewa uku. Ya sunkuya ya sa baki a ruwa. Ban taɓa ganin halitta mai kwarjini irin wannan ba.

Ni kuwa abin ya zo mini wuya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"AKAWU! Allah ya isa tsakanina da kai!"

Tafkin nan gaba ɗaya ya tashi. Tsuntsaye suka yi sama, barewa suka watse, gwanki ya juya sai ƙurarsa. Dattijon ya sauke tabarau a hankali ya dube ni.

"Baiwar Allah, awa uku."

"Baba, ka yafe ni. Ƙanena ne ya yanka ni da wuƙar da na wasa masa."

Matarsa ta taso ta miƙo mini hankici. Ashe duk raɗar nan tana ji. Ta ce wa mijin, "Kai dai yi shiru. Gwanki gobe ma zai sha ruwa." Har yau ban san sunan matar nan ba, amma kullum tana cikin addu'ata.

Na juya ga Mai Daji. Ni ban saba ba yaro haƙuri ba, bakina bai san hanyar ba. Na kama hannun kakinsa.

"Ɗan nan, na zage ka wata biyar, safe da yamma. Ka ɗauki wuta ka rungume don kada ta taɓa 'yata. Uwar da ta haife ka ta haihu. Ka yafe mini."

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Auta tana yi, ni ina yi, matar dattijo tana taya mu.

Sai da muka lafa ya ce, "Inna, akwai wata magana."

Na ce, "Ina jin ka."

"Na nemi canjin wurin aiki. Na kasa zama a garin da take. Takarda ta fito, ɗaya ga wata zan tafi, can wani gandu mai nisan kwana biyu a mota. Na riga na sa hannu."

Auta ta dafe bango.

Na ce, "Hannun da ya sa shi zai cire."

"Zan iya roƙon shugabanmu, in dai kafin ƙarshen makon nan ne. Amma Inna, Kawu shi ne uban Auta, ke kika ba shi. Ya riga ya yi wa wasu alkawari. Ba zan shigo gida ta taga ba, in raba ki da ɗan'uwanki, a ce daga zuwana zumunci ya watse. In bai janye da bakinsa ba, tafiyata ita ce alheri."

Ka ji, Akawu? Wanda ka kira mai gadin birai, shi ke tsare maka girmanka.

*

A hanyar dawowa gwiwata ta ce ba ta san zancen ba. Na zauna a kan wani kututture, ko miƙewa na kasa. Sai ga Ɗan Manaja yana turo keke, ba hular, farin takalmin ya koma ja. Ashe ya buɗe biskit ya miƙa wa biri ɗaya don ya ɗauki hoto, dangin birin gaba ɗaya suka zo gaisuwa. Sun tafi da jakar, sun tafi da hular, ya bi su ya ɓata hanya.

Ya ga idanunmu ya tsaya. "Lafiya?"

Na ce Auta ta karanta masa saƙonnin nan. Ina kallon fuskarsa, don in ga ko da shi aka ƙulla. Yaron nan sai da ya zauna a ƙasa.

"Wallahi Inna ban sani ba. Kawu cewa ya yi wancan ne ya gudu, kuma ke da kanki kika roƙa a haɗa mu." Ya dubi Auta. "Ina son ki, ba ƙarya. Amma tun da nake zuwa ban taɓa ganin idonki a buɗe irin na yau ba, kuma ba ni ya buɗe wa ba."

Ya tashi ya karkaɗe sirdin keken da hannun rigarsa. "Inna, hau."

"Ni? A shekaruna? So kake a ce tsohuwa ta mutu a kan keke?"

Haka suka ɗora ni. Mai Daji ya riƙe kan keken ta dama, Ɗan Manaja ta hagu, Auta a baya tana riƙe da mayafina kada ya shiga taya. Ina salati, ina ce musu su bi a hankali, 'yan banza. Da muka zo gangare iska ta bugi fuskata, itatuwa suna wucewa, na ji wata dariya ta taso mini tun daga ciki, irin wadda rabona da ita tun mahaifin Auta yana da rai. Auta ma tana dariya. Wata biyar ban ji wannan sautin a kunnena ba. Na gode wa Allah da ya kai ni dajin nan da mugun nufi ya fito da ni da alheri. Na gode wa yaran nan biyu, har wanda ya zo don ya yi fariya ya koma da mutunci.

Ɗan Manaja ya ce shi ba zai iya tunkarar mahaifinsa ba sai an warware daga wurinka, don da kai aka ƙulla. Mai Daji ya ce sai ya ji daga bakinka. Kowa kai yake jira, kai kuma ka shige ɗaki ka ce ka yi tafiya.

Ni aka cire daga makaranta tun ban iya rubuta sunana ba, don a samu mai yin aikin gida kai ka yi karatu. Ban taɓa goranta maka ba. Duk takardar da ta shigo gidana kai nake kai wa, in zauna ina kallon bakinka kamar mai jiran hukunci. Ko kujera aka yi maka alkawari a ofis, ko kunyar maigidanka ka ji, ban sani ba, kai za ka faɗa. Amma nonona ka ɗauka ka yi barazana da shi, abin da ni mai shi ban taɓa yi wa ɗa ba ko da wasa.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, a falona. Na kira yayyen Auta, na kira matarka, Mai Daji zai zo da wansa. In ba ka zo ba, na san hanyar ofishinku. Za ka zauna a tsakiya, a miƙa maka wayar yaron nan, ka karanta saƙon nan guda bakwai da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kana kallon Auta. In ka gama, ka juyo ka gaya mini wanne ne a ciki ya fito daga bakina.